Watandar Wuta

Hadiza da Usman, kun taso kuna jin cewa an yi wa babanku ƙazafi a kan kuɗin wuta, kuma na san kun daɗe da yanke hukunci a ranku cewa ni aka zalunta. Ke Hadiza har yau idan aka ambaci mutanen layinmu na University Heights sai ki taɓe baki. Na bar ku a kan haka saboda ya fi mini sauƙi. Yanzu da likita yake ta ƙara mini magani a kan magani, tsoro nake ji kada in tafi da rabin magana a ciki. Na rubuta da Hausa, domin da Turanci ina iya fakewa da rashin iyawa in tsallake wurin da ba na so. Inda karatun ya gagare ku, ku kai wa kawunku Kabiru. Shi ma yana cikin labarin, ko da yake ba shi da laifin komai.

Sai na fara da yadda sunana ya hau kan mitar wuta biyar, ɗaya tamu, huɗu na mutane. Ina cikin waɗanda Allah ya ba takardar zama da wuri. A lokacin, wanda ba shi da takarda ko ofishin gidan waya tsoron shiga yake yi, balle ya je ya rubuta sunansa a kamfanin wuta. Don haka al'adarmu ita ce mai takarda ya ara wa marar takarda suna. Mutum zai kama ɗaki, a buɗe mita da sunanka, bil ya riƙa zuwa akwatinsa da sunanka a kai, shi ya biya. Ba rubutu, ba shaida, sai a ce Allah ya bar zumunci. Haka na ara wa gida huɗu sunana, kuma shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ja mini abin kunya. Amma kun san halina. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya sauka har ƙasa, ya sake hawa bene hawa biyar don ya murɗa hannun ƙofar ya gani. Duk wata idan ranar biya ta matso, sai na bi gidajen nan huɗu da waya ɗaya bayan ɗaya, ina gaisuwar da ba gaisuwa ba ce. Mahaifiyarku Rabi takan ce:

“Kai ba suna kaɗai ka ara musu ba, har da barcinka. Su suna can suna minshari, kai kana nan kana juyi.”

A cikin huɗun nan, na Mahaman Sani daban ne. Mahaman mutumin Maraɗi ne, ni na Kano, a bakin titi a Harlem muka haɗu, teburinsa na lema da hula kusa da nawa na agogo. Idan masu kama ’yan talla suka ɓullo, shi yake fara hango su, ya yi fito, mu naɗe kaya mu shige. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ɗakin ni na kama shi, da sunana a takardar haya da kuma mita. Da Rabi ta zo aka haifi Usman, muka koma gida mai ɗaki biyu a layi na gaba, sai na bar wa Mahaman tsohon ɗakin yadda yake. Ba mu canja komai a takarda ba, domin hayar tsohon farashi ce, idan aka canja suna mai gida zai ninka ta. Mahaman ya kawo matarsa Mariyama, suka haifi Isufu a ɗakin, ya girma a ciki. Mai kula da benen ya san komai, shi kuwa duk Sallah ana kai masa cinya, bai taɓa buɗe baki ba. Shekara goma sha tara kenan mai gida yana karɓar haya daga Abubakar, wato ni, alhali Abubakar yana layi na gaba.

Wani abu kuma da ya kamata ku tuna, ni nake riƙe da watandar layinmu. Kafin ƙaramar Sallah mutane ashirin ko fiye sukan haɗa kuɗi a hannuna, mu ɗauki mota mu tafi gona a wajen gari, a yanka sa, a dawo a kasa. Ni nake kasawa da sikeli. Ko kitse ya fi yawa a kashi ɗaya sai na sake lale, mutane na tsaye suna tsaki. Mahaman ne kullum mai tsokana:

“Elhaji Habu, ka bari hakanan! Naman ga zai dahu a hannunka tun ba mu kai shi gida ba.”

A yi dariya, ni ma in yi. Amma a raina ina jin daɗi, domin na san saboda wannan ƙaƙalen ne ba a taɓa ba wani sikelin ba. Ban yi boko mai nisa ba, daga firamare na tsaya, ba ni da shago babba, ba ni da mota. Abin da nake da shi a garin nan shi ne a ce a kai wa Habu, ba ya ci.

A shekarar da nake ba ku labari, da damina ta wuce, muka je suna gidan kawunku Kabiru, a garin nan nasu da ke arewa da Bronx, wanda jirgin ƙasa yake kai mutum cikin rabin awa. Bayan an ci abinci maza suka zauna ana kukan tsadar rayuwa, kowa yana faɗin yadda bil ɗin wuta yake cinye shi. Sai Kabiru ya ce su kam sun ɗan sami sauƙi, domin hukumar garinsu ta tara gidajen garin gaba ɗaya ta je ta yi ciniki da masu sayar da wuta a kan farashi ɗaya. Wayoyin da kamfanin da ke kawo bil duk suna nan yadda suke, farashin wutar ne kawai aka sauke, tun da sari aka yi ba sayen ɗai-ɗai ba. Na ce masa:

“Kabiru, wannan ai watanda ce.”

Ya yi dariya ya ce, “Wallahi Yaya ka gane ta fiye da ’yan bokon. Watanda ce, sai dai sa ɗin ba a ganinsa.”

Maganar ta zauna mini. A jirgi muna dawowa ina ta tunanin tsofaffin layinmu da suke kashe firji da rana don tsoron bil. Ina cewa a raina, me ya sa abin alheri kullum sai ya tsaya a garin masu karatu.

Ba a yi wata guda ba, wata Asabar bayan azahar, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wani mutum ne mai kimanin shekara arba’in, da riga mai tambari da kati rataye a wuya. Ya dubi hulata ya yi sallama, ya gaishe ni da Hausar Zango, irin ta Hausawan kurmi, ya ce sunansa Awudu. Ba zan rubuta sunan kamfanin da ya turo shi ba, na ji ma an ce sun daɗe da canja suna. Da farar fata ne ya zo, da ta bayan sarƙar ƙofa zan sallame shi. Amma mutum ya yi maka sallama da harshenka a hawa na biyar a Bronx, sai ka ga ka buɗe, har ka ce a kawo ruwa. Ya ce suna tara mutanen unguwa ne a saya musu wuta a dunƙule don ta yi araha. Na tambaye shi ko irin wadda garuruwan arewa suke yi ce. Ni na sa masa maganar a baki, wannan ma ku rubuta a kaina. Ya ce:

“Ita ke nan, Baba Alhaji! Ashe ka sani. Duk benen nan kai kaɗai ka sani.”

Rabi ta leƙo daga kicin ta kira ni, ta ce a hankali, “Ka kira Kabiru tukuna.” Na kira, wayarsa a kashe, yana aiki a asibiti. Awudu ya ce yau ce ranarsu ta ƙarshe a layinmu, Litinin sun wuce Morris Heights, kuma ba sa dawowa baya. Ni da nake kwana uku ina shawara kafin in sayi takalmi, ranar ban yi awa ɗaya ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Ba araha ce ta ja ni ba. So nake in zauna a cikin mutane kamar yadda Kabiru ya zauna, in ce ni na kawo muku wannan. Da Awudu ya ji akwai wasu mita huɗu da sunana, idonsa ya yi haske. Na ɗauko lambobinsu a inda nake ajiyewa. Ya buga waya ya miƙa mini, ya ce duk abin da matar da ke kan wayar ta tambaya in ce “yes”. Na ce “yes” har na daina ƙirgawa. Ban kira Mahaman ba, ban kira kowa ba. Na ce ai sunana ne, kuma alheri ba ya bukatar sallama.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo da katin sayayya guda biyar, irin wanda ake shiga kanti da shi, ɗaya a kan kowace mita, wai tukuicin shiga. Kuɗin da ke ciki ba zai cika buhun shinkafa biyu ba. A nan halina ya tashi. Na wa ne katin? Sunana ne a kai, amma ba ni nake biyan wutar ba. Na sa kowanne a ambulan, na rubuta sunan mai gidan a baya, har namu ban taɓa ba. Na ce sai na tambayi liman. Liman ya tafi Umara. Da ya dawo na ce sai an sami natsuwa. Haka nake gaya wa kaina, kuma haka na gaya muku kuna yara. Gaskiyar ita ce, miƙa katin yana nufin in tsaya a gaban magidanci in ce na canja masa wutar gidansa ban tambaye shi ba, kuma an ba ni wani abu a kai. Duk ranar da na ɗaga, washegari ta fi ta nauyi.

Wata uku na farko bil ya sauka. Wata Juma’a muna shan shayi a shagon Garba, Mahaman ya ce:

“Ku ji wani abin mamaki, faktir ɗin kuran ta yi sauƙi. Ko Nasara sun tuba ne?”

Faktir ɗin kuran shi ne bil ɗin wuta a bakin mutanen Nijar. Sai na gyara zama na ce ba tuba suka yi ba, ni na sa mu a watandar wuta. Na ba da labarin garin Kabiru kamar ni na kafa shi. Aka yi ta sa mini albarka, Mahaman ya ɗaga kofinsa ya ce daga yau sunana Sarkin Kuran. Ranar ce ranar da zan fito da ambulan, kowa yana dariya, da babu wanda zai ce uffan. Suna cikin aljihun rigata ta sanyi a rataye a bayan ƙofar shagon. Na tashi na saka rigar na tafi da su gida.

Sai sanyi ya shigo, kuma shekarar ya yi tsanani. Kun tuna yadda bututun ɗumama ɗaki na benayenmu yake, ya yi ta ƙara kamar ana dukansa da guduma amma ba zafi. Kowa ya jona hita. Da bil ɗin tsakiyar sanyi ya zo, na buɗe namu a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, sai da na zauna a kan matakala. Ya ninka har ya wuce. Kafin in hau sama wayata ta fara ƙara. Ran Lahadi na kwashi takardun na shiga jirgi na kai wa Kabiru. Ya karanta ƙananan rubutun da ke bayan takardar, ya cire tabarau, ya ce:

“Yaya, wa ya kawo maka wannan?”

Na gaya masa.

“Inna lillahi. Wannan ba ta gari ba ce, ’yan kasuwa ne. Arahar wata uku ce kawai, daga nan su sa farashin da suka ga dama. Tamu babu mai ƙwanƙwasa ƙofa, wasiƙa ce take zuwa daga hukumar gari, kuma farashin a rubuce yake. Birninku ma bai fara irin tamu ba. Da ka jira na tashi daga aiki.”

Da ka jira na tashi daga aiki. Har yau idan na ga waya a kashe maganar nan nake ji. Kabiru ya taimaka muka fita daga kamfanin, amma sai da aka sake yin wata biyu a kan farashinsu kafin a mayar da mu. Abin da ya hau kan gidajen nan huɗu na ce ni zan ɗauka, kuma na ɗauka, awarwaron mahaifiyarku ya shiga ciki. Wannan ba shi ne ya dame ni ba.

Abin da ya dame ni ya faru ne a ƙasan masallaci bayan la’asar, ranar da aka zauna a kan maganar. Garba mai shago ya ciro takardar tallan kamfanin da ya tsinta a benensu, ya ce a nan an rubuta ana ba da kati a kan kowace mita, ina na mutane huɗu? Na ce suna gida a ambulan, da sunan kowa, ban taɓa ko ɗaya ba. Ya ce tun yaushe? Na ce wata biyar. Wani daga baya ya ce kati ne aka gani, wanda ba a gani ba fa? Na juya wajen Mahaman, na ce:

“Mahaman, kai ka san ni. Tukunya ɗaya muka ci. Gaya musu.”

Ya murza carbinsa, bai dube ni ba. Sannan ya ce:

“Na san ka hwa, Habu. Ni ban ce ka ci ba. Amma wanga abu, ban iya rantsewa a kai.”

Yanzu da na tsufa na gane abin da ya faɗa daidai ne. Mutumin da aka canja masa wuta bai sani ba, aka ɓoye masa kati wata biyar, a kan me zai rantse? Amma ranar ban ji haka ba. Ji na yi kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Washegari na raba ambulan. Uku suka karɓa, Mahaman ya aiko Isufu ya dawo mini da nasa, wai in riƙe. Da azumi ya zo ban ji an kira ni ba, sai labari na ji an haɗa kuɗin watanda a hannun Garba. Shekarar a kanti muka sayi naman Sallah. Har nan kuka sani, kuma a nan nake tsayawa duk lokacin da na ba ku labarin.

Ga sauran. Bayan Sallah na yi rantsuwa cewa sunana ba zai sake kwana a kan mitar kowa ba. Na ce wa Rabi tsoro nake ji, kada a sake samun abin da za a jingina mini. Akwai tsoron, ba ƙarya na yi ba, amma akwai abin da ya fi tsoron yawa. Gida uku ba su sha wahala ba, ’ya’yansu da aka haifa a nan sun girma, suka sa sunayensu. Rabi ta tare ni a kan na huɗun:

“Malam, na Mahaman ba kamar sauran ba ne. Ɗakin ma da sunanka yake. An sayar da benen, sababbin masu gidan neman dalili suke su fitar da masu tsohuwar haya, Mariyama ta gaya mini. Ka taɓa mitar nan, ka nuna musu hanya.”

Na ce, “Na sani.”

“To idan ka sani, me kake nema?”

“Sunana nake nema. Ai ba shi da tabbas a kansa, sai ya sakar mini abina.”

Ta ce, “Wallahi ba sunanka kake nema ba.” Ta shige kicin ta bar ni. Kwana uku ba ta yi mini magana ba in ba ta dole ba.

Na buga waya na rufe mitar. Matar kamfanin ta tambaye ni dalili, na ce na tashi daga ɗakin, kuma ta tambayi sabon adireshina na ba ta. Isufu ya buɗe wata mitar da sunansa, wuta ba ta ɗauke musu ko na awa ɗaya ba, har na fara cewa a raina Rabi ta cika tsoro. Ba a yi wata biyu ba takardar kotu ta zo, da sunana a kai, masu gida suna cewa mai hayar ya daɗe da tashi, waɗanda ke ciki ba su da hurumi. Yadda suka sami labari ban bincika ba, ba na bukata. Ni na faɗa da bakina.

Mahaman ya hawo benenmu da kansa, hawa biyar, da gwiwarsa mai ciwo. Rabonsa da gidanmu tun kafin zaman masallaci. Rabi ta kawo masa ruwa ta koma ciki, ku kuna makaranta. Ya ce wani mai taimaka wa ’yan haya ya gaya masa hanya ɗaya ce ta rage, in je gaban alƙali in ce har yanzu ina kwana a ɗakin wani lokaci, shi ɗan’uwana ne da ke zaune tare da ni. Ya ce:

“Habu, abin da ya wuce ya wuce. Mariyama ba ta san wani ɗaki ba a ƙasar ga. Kalma guda ce za ka hwaɗi.”

A kotu sai mutum ya ɗaga hannu ya rantse. Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba, ko don Mahaman, ko don ku, kuma har gobe ban ce na yi kuskure a wannan ba. Da na ce masa ina tsoron Allah, mu je tare wajen masu gida mu roƙa, mu nemi lauya, mu nemi wani ɗaki a kusa, da ya fahimta, shi ma mai tsoron Allah ne. Ba haka na ce ba. Na dube shi, na ɗauko Hausarsa ta Maraɗi da ban taɓa yi ba sai da wasa, na ce:

“Wanga abu, ban iya rantsewa a kai.”

Kuma na ji daɗi. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku, ko da yake tana bayan labule ta ji da kunnenta. Daɗin bai kai minti ɗaya ba, amma na ji shi. Mahaman ya gyaɗa kai sau biyu, ya ajiye kofin ruwan bai sha ba, ya ce, “To, madalla.” Na tsaya ina jin saukarsa, matakala ɗaya ɗaya, har ƙofar ƙasa ta rufe.

Kafin sanyi ya dawo suka tashi. Abin da suka samu daidai ƙarfinsu ɗaki ɗaya ne a St. George, can Staten Island, kusa da inda jirgin ruwa yake tsayawa. Mahaman ya yi shekara guda yana tsallako ruwa da asuba, ya hau jirgin ƙasa har Harlem da jakar kaya, sannan gwiwar ta ƙi. Ya sayar da teburin. A layinmu babu wanda ya zarge ni da wannan, kowa ya ce mugun mai gida ne, wasu ma suka fara gaishe ni kamar da. Abin da ban yi ba shi aka yi ta yi mini gori a kai, abin da na yi babu wanda ya ambata. Awudu ma na taɓa haɗuwa da shi a jirgi lamba huɗu, ba rigar tambari, ya rame. Ya ce shi ma ya sa ɗakin mahaifiyarsa a ciki, abin da aka koya musu su faɗa shi ya faɗa. Na so in tsane shi, na kasa. Shi ko banza bai san mutanen ba.

Sai da na yi shekara biyu ina ɗaukar ambulan ina ajiyewa kafin na hau jirgin ruwan. Mahaman ya karɓe ni kamar baƙon kirki, abin da ya fi zagi ciwo. Mariyama ta gaishe ni ta fita. Ɗakin gado ne da kujera, tagar tana kallon bango. Ya haɗa shayi da kansa, muka yi maganar mutanen da suka rasu. Da zan tashi na ciro ambulan na ajiye a gabansa, na ce ya yafe mini. Ya juya ta ya ga sunansa da rubutuna, ya yi ɗan murmushi.

“Sarkin Kuran. Har yanzu kana ɗauke da shi?”

Na ce nasa ne.

“Na sani. Tun ranar na san ba ka ci ba, haushi ne ya hana ni hwaɗi, ni ma sai ka yahe mani. Maganar kuran na yahe tun tuni.” Ya tura ambulan ta dawo gabana. “Ta ɗakin ce ban iya ba tukuna. Mariyama kullum sai ta yi kuka. Ka riƙe, in na iya zan aiko a karɓa.”

Bayan wata takwas ya koma Maraɗi, da damina ta zagayo Isufu ya kira Usman ya ce Allah ya yi masa rasuwa. Bai aiko ba.

Hadiza, bara da kika koma garin su Kabiru, kin zo da wasiƙar hukumar gari ta watandar wuta kina nuna mini, kina cewa, “Baba, look, abin da kake so ne, da gaske ne.” Kin ga na tashi na shiga banɗaki na daɗe, kika ɗauka cikina ne. Na san da gaske ne, tun farko da gaske ne, yana nan rabin awa daga ƙofarmu. Ku shiga abinku, Allah ya sa albarka.

Ambulan tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin fasfo. Na kai katin kanti an duba, sun ce ya daɗe da mutuwa, babu ko sisi a ciki. Duk da haka ku kai wa Isufu, ku biyu, ƙafa da ƙafa, kada ku aika. Ku gaya masa ba mai gida ne ya fitar da su daga ɗakin da aka haife shi ba. Idan ya karɓa, to. Idan ya tura muku ita baya, kada ku yi masa musu, ku ɗauko ku dawo da ita.